Cika Shekara 65 da Shiga Inshorar Medicare a Amurka

Assalamu alaikum, masu kallo. A Amurka, idan mutum ya cika shekara 65 ya cancanci shiga Medicare, wato inshorar lafiya da gwamnatin tarayya ta tanadar wa dattawa. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa wa dokar hannu ranar 30 ga Yuli, 1965, kuma tsohon shugaba Harry Truman, wanda ya nemi kafa inshorar lafiya ta ƙasa a zamanin mulkinsa amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba, shi aka miƙa wa kati na farko.

Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne ɗaukar cewa ranar ajiye aiki da ranar shiga Medicare ɗaya ce. Mutum na iya fara karɓar fanshon Social Security, wato fanshon gwamnatin tarayya, tun yana shekara 62, cikakken fansho kuwa sai 67 ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, amma Medicare tana nan a 65. Saboda haka wanda ya bar aiki yana da 62 zai yi shekara uku yana neman wa kansa wata inshorar. Wanda ya riga ya fara karɓar fansho kafin ya cika 65, za a yi masa rajista kai tsaye, katin ya same shi a gida. Wanda bai fara ba kuwa, shi zai nemi rajistar da kansa, kuma a nan ne ake yawan yin sakaci.

An ba da wata bakwai don rajistar farko: wata uku kafin watan da aka cika 65, da watan kansa, da wata uku bayansa. Mu ɗauki dattijuwar da za ta cika 65 a tsakiyar watan Yuni. Ƙofarta za ta buɗe ranar 1 ga Maris, ta rufe ranar 30 ga Satumba. Idan ta yi rajista tun cikin watanni ukun farko, inshorarta za ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, ba tare da wani giɓi ba.

Medicare ta kasu sassa huɗu, A, B, C da D. Sashe na A shi ke biyan kuɗin kwanciya a asibiti. Wanda ya yi aikin shekara 10 ana cire masa harajin Medicare, wato kashi 1.45 cikin ɗari na albashi, ba ya biyan kuɗin wata a kan wannan sashe, kuma ana iya cin gajiyar shekarun aikin miji ko mata. Mai katin zama na dindindin da bai cika waɗannan shekaru ba zai iya sayen inshorar bayan ya zauna a ƙasar shekara biyar a jere. Sashe na B kuma shi ke ɗaukar ganin likita da gwaje-gwaje, kuma a 2025 yawancin mutane sun riƙa biyan dala 185 duk wata a kansa.

A kan Sashe na B ɗin nan nake so mu tsaya, domin tararsa ba ta da sauƙi. Duk cikakkiyar shekara guda da mutum ya jinkirta ba tare da uzurin da doka ta yarda da shi ba, za a ƙara masa kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin wata, kuma ƙarin zai bi shi muddin yana cikin inshorar. Idan dattijuwar nan ta ce lafiyarta ƙalau, ta bari sai bayan shekara biyu, ƙarin ya zama kashi 20, wato a farashin 2025 dala 37 a kan 185 ɗin, dala 444 ke nan a shekara. Sannan ba za a karɓe ta a ranar da ta ga dama ba, sai tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Maris. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri ga mutumin da rashin sani ne kawai ya ja masa, amma dalilinsa a fili yake: da kowa zai jira sai ciwo ya kwantar da shi kafin ya fara biya, da asusun bai ɗore ba.

Uzurin da aka fi sani shi ne ci gaba da aiki. Wanda yake aiki, ko matarsa ko mijinta ke aiki, kuma yana cikin inshorar wurin aikin, yana iya jinkirtawa babu tara, sannan a ba shi wata takwas bayan aikin ko inshorar ta ƙare. Sai dai a kula, inshorar da tsohon wurin aiki ke ci gaba da bai wa ɗan fansho ba ta shiga wannan lissafi. Haka kuma idan ma'aikatan kamfanin ba su kai 20 ba, yawanci Medicare ce ke fara biya, don haka jinkiri a nan hatsari ne.

Magunguna suna ƙarƙashin Sashe na D, wanda ya fara aiki a 2006, kuma shi ma yana da tasa tarar ga wanda ya zauna kwana 63 ko fiye babu inshorar magani da aka amince da ita. Sashe na C kuwa hanya ce ta karɓar A da B ta hannun kamfanoni masu zaman kansu.

Ko bayan rajista, a Medicare ta asali, wato A da B da ake karɓa kai tsaye daga gwamnati, mara lafiya ne ke biyan kashi 20 cikin ɗari na yawancin ayyukan Sashe na B, kuma ba ta ɗaukar gyaran haƙori na yau da kullum, ko tabarau, ko na'urar ƙara ji, ko zaman dogon lokaci a gidan kula da tsofaffi. Galibi ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka. Akwai ƙarin inshora mai suna Medigap da ke cike wasu daga cikin kuɗaɗen da suka rage a kan mara lafiya, kuma a wata shida na farko bayan mai shekara 65 ya shiga Sashe na B, kamfani ba shi da ikon ƙin sayar masa da ita saboda wani ciwo da yake fama da shi. Idan watannin shida suka wuce, a yawancin jihohi kamfanin na iya duba tarihin lafiyarsa, ya tsauwala kuɗi ko ya ƙi karɓarsa.