Asusu ɗaya, hannu goma: wa za a tambaya?

Ku buɗe kowace muƙala a Wikipedia, ku shiga tarihin shafin. Ga sunaye nan a jere, kowanne da rana da lokaci. Ko waƙafi mutum ya saka, sai an rubuta. A nan ake sanin wanda za a gode wa, da wanda za a ja wa kunne.

To, a ce mutum goma sun buɗe asusu ɗaya, kowa ya san kalmar sirri. Tara suna aikin kirki, na goman ya zo ya cusa ƙarya. Idan aka toshe asusun, an haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Idan aka ƙyale, maɓarnaci ya samu mafaka. Shi ya sa dokar Wikipedia ta hana mutane yin tarayya a asusu guda.

Ita ɓarnar da ba a san mai ita ba, an ga illarta. A 2005, wani da bai yi rajista ba ya rubuta tarihin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya ce an taɓa zarginsa da hannu a kisan Shugaba Kennedy. Ƙarya tsagwaronta, amma ta yi wata huɗu a shafin. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, an ɓata masa suna, kuma abin da aka bari a tarihin shafin lambar IP ce kawai, wato lambar da na'ura ke fita da ita a intanet. A watan Disamba na shekarar, Wikipedia ta Turanci ta hana marasa rajista ƙirƙirar sabuwar muƙala.

Ita ma lambar IP ɗin, ai kamar asusun tarayya take. Makaranta guda ko shagon intanet, duk lamba ɗaya suke fita da ita, yaro ɗaya ya yi shirme a toshe kowa. Masu Wikipedia ta harshen Fotugal dai a 2020 suka kaɗa ƙuri'a: sai da rajista za a yi gyara.

Don haka idan kun haɗu wajen horon rubutu a Wikipedia ta Hausa, kwamfuta ɗaya tana zagaya hannu, kowa ya buɗe nasa asusun, minti biyu ne. In ka gama, ka fita daga naka kafin ka miƙa wa na kusa da kai.