Yaudara da Adalci a Wasan Cike Gidaje Mai Ɓoyayyar Ma'ana

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, wasan cike gidaje da kalmomi ya fara fitowa ne a jaridar New York World ta Amurka a ranar 21 ga Disamba, 1913, daga hannun Arthur Wynne, amma nau'in da ya tara mu a yau, wato mai ɓoyayyar ma'ana, a Ingila ya girma. Edward Powys Mathers ne ya kafa shi a jaridar Observer daga 1926, yana sa hannu da laƙabin Torquemada, sunan wani shugaban kotun binciken aƙida ta Sifen da ya yi ƙaurin suna wajen azabtar da mutane. Magajinsa Derrick Macnutt ya ɗauki Ximenes, na bayansa kuma Jonathan Crowther ya ɗauki Azed a 1972, wato sunan Deza aka karanto daga baya; Ximenes da Deza su ma shugabannin waccan kotun ne. Kun ga tun daga laƙabi sun shaida wa mai karatu cewa zai sha wuya.

Kowane manuni, wato jimlar da ke nuna kalmar da za a cike a gidajen, yana da ƙafa biyu: ma'anar kalmar da ake nema, da kuma dabarar harhaɗa baƙaƙenta. Bari in ƙirƙiro misali da Hausa, tun da mai zaurance ba baƙo ba ne ga juya kalma. A ce an rubuta: "Mahaukacin kare da ake sha (4)." Lambar da ke cikin baka ita ce yawan baƙaƙen amsar. Ido zai tafi ga kare mai dalalar da miyau, alhali kalmar "mahaukaci" umarni ce a hargitsa baƙaƙen k, a, r, e, sauran jimlar kuma ma'ana ce. Amsar ita ce rake. An yaudare ku, amma ba a yi muku ƙarya ba, domin babu kalma ko ɗaya da take zaman banza. Wannan shi ne ma'aunin da Macnutt ya tsara a littafinsa na 1966, kuma da shi masu sharhi suke auna manuni har yau.

Ga kuma wanda ni zan yi watsi da shi: "Abin hawa a cikin gado ƙirar Kano (4)." Mai tsarawa yana nufin doki, wanda ya ɓoye tsakanin ƙarshen "gado" da farkon "ƙirar". Jimlar ta yi daɗin ji, sai dai ƙ mai lanƙwasa ba k ba ce, kuma wanda ya kiyaye ƙa'idar rubutu shi aka cuta.

Wahalar tana ninkuwa idan wasan yana da jigo. A wasan Listener, wanda ya fara a mujallar Listener a 1930 ya koma jaridar Times bayan rufe mujallar a 1991, akan yi gabatarwa a sama, ta ce wasu amsoshi sai an cire musu baƙi kafin su shiga gidajensu, baƙaƙen da aka cire kuma su haɗu su ba da saƙo. Shawarata ita ce a fara da manunan da jigon bai taɓa ba, a rubuta da fensir, ƙamus na Chambers yana kusa, har sai an ga amsa mai baƙi bakwai ta ƙi shiga gidaje shida. A nan bakin zaren yake. Idan na zo sharhi, tambayata ɗaya ce: shin ana iya isa ga jigon ta hanyar tunani, ko sai an yi canki-canka? Na sha ganin wasan da mai shi ya cusa kalmomin jigo har ya cika sauran gidaje da kalmomin da ba mai furta su, kuma a ganina wannan burga ce kawai.

Ba kowa ne ya bi Macnutt sau da ƙafa ba. John Graham, limamin coci da ke sa hannu da Araucaria a jaridar Guardian, yakan sassauta ƙa'ida idan raha ta buƙata, masu karatu kuma suna yafe masa. A Janairun 2013 jaridar ta buga wasansa da gabatarwa mai cewa shi Araucaria yana ɗauke da amsar lamba 18 a amsar lamba 19. Waɗanda suka zauna suka warware da fensirinsu sai suka tarar da ciwon daji da kuma maƙoshi, a wasu gidajen kuma irin jinyar da ake yi masa ta rage raɗaɗi. Ya rasu a watan Nuwamba na shekarar. Yanzu sai mu duba takardar da aka raba muku, mu fara da manuni na uku.