Darasin gareji: tiyon da ke maida fetur tanki da ambaliyar kafireta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga garejinmu ne nan bakin Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Yau maganar tiyo za mu yi, wannan siririn da ke maida fetur tanki, wanda mu makanikai muke ce ma ritan. Kai yaro, matso da wayar nan kusa da injin, mutane su gani da kyau.

Motar nan Golf ce. Da injekta aka ƙera ta, daga baya aka maida ta kafireta, kamar yadda ake ma motocin haya da yawa masu bin hanyar Jibiya da Daura. Kukan mai ita guda uku ne: tana shan mai, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, in kuma ya kashe ta da zafinta sai an yi ta fama kafin ta tashi. An wanke kafireta, an sake fulogi, abin na nan. To ku dubi nan. Kun ga wannan guntun tiyon? An cusa mashi noti a baki, an ɗaure da waya. Ritan ɗin ke nan aka toshe.

Bari in yi bayanin abin da ke faruwa ciki. Kafireta na da ɗan kwano da fetur ke taruwa, cikinsa akwai fulot da allura. In kwanon ya cika, fulot ya taso, allura ta rufe ƙofa. Ƙarfin allurar nan kaɗan ne ƙwarai. Yawancin kafiretocin da muke gani ba su son matsin da ya wuce PSI 3 zuwa 6 (PSI ma'aunin matsi ne, irin na iskar taya), wasu ƙananan ma 3 ɗin ya ishe su. Famfon injekta kuwa, wanda ke cikin tanki, an yi shi ne ya ba da matsi wajen PSI 43 da ɗoriya. Ku tuna mai faci 30 ko 32 yake sa ma tayar ƙaramar mota. To abin da ya fi iskar taya ƙarfi ake turo ma wannan 'yar allurar, sannan aka rufe hanyar da rarar za ta koma. Ina za ta iya? Dole ta buɗe, fetur ya yi ambaliya ya gangara cikin injin. Shi ne kuke jin ana cewa mota na obafulo.

Zaro mani sandar baƙin mai. Alhaji mai mota, don Allah sunsuna nan. Ka ji ko? Warin fetur ne. Ya bi jikin silinda ya sauka ya tsinka baƙin man, kuma in aka ci gaba da tafiya haka, ringi da metal ne za su biya. Yau ɗin nan za a juye shi, ba sai gobe ba.

Maganin shi ne regileta, mai rage matsin fetur kafin ya isa kafireta, amma iri biyu ce, kuma nan ake cutar mutane wajen saye. Akwai wadda ba ta da ritan: mai ya shigo, ta tare, ta saki kaɗan. Wannan ta ƙaramin famfo ce. Ka haɗa ta da famfon injekta, famfo zai yi ta turi ba mafita, ya ɗau zafi, ya fara kuka, matsin kuma ya riƙa hawa a hankali in mota na silo, wato tana aiki ba a taka totur ba. Ɗayar tana da bakin ritan, yawanci daga ƙasa: abin da kafireta ke so ta ba ta, sauran ta sake shi ya koma tanki. Ita ce ta dace da motar nan. In kuma aljihu bai kai ba, ni a ganina gara a cire famfon injektan gaba ɗaya a sa ƙaramin famfon lantarki na kafireta. Ya fi kwanciyar hankali da duk wata dabara.

Sai dai regileta mai ritan ba ta da iko sai in hanyar komawar a buɗe take. Tiyon ritan kada ya fi na zuwa ƙanƙanta. In na zuwa milimita 8 ne, kada ka maida da 6 ka ce ai duk ɗaya. In ya lanƙwashe bayan injin, ko jak ya taɓa matse bututun ƙarfen a ƙarƙashin mota, za ka yi ta kwance sukurun regileta har ya fita a hannunka, gejin auna matsin fetur bai sauko ba. Gwajin mai sauƙi ne. Cire ritan daga jikin regileta, sa wani guntun tiyo, zura shi cikin jarka, a tada mota. In geji ya faɗo, regileta lafiyarta lau, matsalar na kan hanyar tanki. Kai, ja bokitin yashin nan kusa. Malam mai sigari, don Allah a ɗan matsa can gindin bedi.

Wani abin kuma, a ƙarƙashin mota bututu ba ɗaya ba ne. Akwai na numfashin tanki, siriri, wani ma da bawul a jikinsa. Na sha ganin an jona ritan a can. Ba ya ɗauka. Ku bi bututun da hannu har bakin tanki kafin ku jona.

Yanzu masu tsoffin motoci, irin su Peugeot 504 da 505 da aka haɗa a Kaduna, masu famfon da ke jikin injin. Ku naku matsin ba shi da yawa, abokin gabarku zafi ne. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ka tsaya cunkoson bakin babbar kasuwa, fetur na zaune cikin tiyo kusa da injin, sai ya tafasa ya zama tururi. Famfo ruwa yake turawa, ba ya iya tura tururi. Mota ta fara fizga ta mutu. Shi ya sa kuke ganin direba ya jiƙa tsumma ya ɗora kan famfo, bayan ɗan lokaci ta tashi. In akwai ritan, fetur ba ya zama, yana zagayawa, mai sanyi na zuwa daga tanki. Amma irin wannan ritan ɗin ƙofarsa 'yar mitsitsiya ce, wajen milimita 1. In ka sa mahaɗa mai baki uku haka kawai ba a ƙanƙanta ƙofar ritan ba, fetur zai bi hanya mai sauƙi ya koma tanki, kafireta ta zauna da ƙishirwa. A silo ba za ka gane ba, sai ka ɗauki fasinja ka taka totur ka nufi Mashi. Dabarar ita ce a cusa tsohon jet na kafireta, ɗan ƙarfen nan mai siririyar huda, cikin tiyon ritan ɗin, a ɗaure da kilif. In filta mai baki uku ce, ƙaramin bakin ya kalli sama, don tururi sama yake taruwa.

Maganar geji: irin mai ruwa a ciki, in ya sha zafin injin, yakan nuna ƙasa da gaskiya. Kada ka biye mashi ka ƙara matsi. Auna tun injin bai yi zafi ba, mota na aiki. Tiyo kuma a sayi na fetur. Farin nan na ruwa da ake yankowa a kasuwa bushewa yake ya tsage, ga salansa a ƙasa.

To, mun jona ritan, regileta na ciki. Tada ta. Kun ga allurar gejin? Ta tsaya kan 4, ba ta rawa. Ba ta wuta kaɗan. Yauwa, ta ɗan motsa ta dawo, haka ake so. Saura abu guda, Alhaji: in ka yi doguwar tafiya ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska da ƙarfi, numfashin tankin ya toshe, ka dawo mu duba. Kai yaro, kashe ta, kawo tiren juye baƙin mai da sifana 19.