Me ya sa sunanka bai fito ba? Matakin da ake faɗuwa ba a sani ba

Duk lokacin da aka saki sunayen waɗanda suka tsallake a ɗaukar aikin 'yan sanda, ko na hukumar CDCFIB mai ɗaukar ma'aikatan shige da fice, gidan gyaran hali, kashe gobara da Sibil Difens, magana ɗaya ce ke cika Facebook: "Ai sai mai uwa a gindin murhu." To, ba mu ce babu alfarma a ƙasar nan ba, akwai. Amma da yawa daga masu wannan ƙorafi ba su ma kai inda ake alfarmar ba. Takardunsu ne suka kayar da su.

Bari mu wuce sharuɗɗan da kowa ya sani da sauri, ga su nan kuna gani. Kurtun ɗan sanda: shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Tsawo, mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace. Mai digiri ko babbar difloma, sai da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. A CDCFIB kuwa hukuma ɗaya za ka zaɓa cikin huɗun. Ka cike biyu don ka ƙara sa'a, ka rasa duka.

Yanzu ku tsaya a nan, don wannan ne ya sa muka yi bidiyon.

Ga takardu huɗu a kan tebur: silif ɗin NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. A wurinka duk naka ne, ka san kanka. A wurin mai tantancewa kuwa, in ba su faɗi magana ɗaya ba, mutum huɗu ne a gabansa.

Da ka shigar da lambobin nan 11 na NIN, shafin zai janyo sunanka da ranar haihuwarka daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Da wannan ranar ake lissafa shekarunka, ba da wadda ke kanka ba. In ranar da ka yi rajista a gaggauce don kar a rufe maka layi, mai rajistar ya sa maka 1 ga Janairu da wata shekara ta kintace, to ita ce ranar haihuwarka a idon gwamnati. Ta nuna ka haura ƙa'ida ko da wata ɗaya, kwamfuta ta ajiye ka, ba tare da wani ɗan Adam ya ga fuskarka ba.

In ka tsallake nan, sai ranar tantancewa, inda jami'i zai jera takardun ya kwatanta. Ku dubi wannan: Muhammad a NIN, Mohammed a WAEC, Muhammed a takardar ƙaramar hukuma. Ko Aisha a nan, Aishatu a can. Ko sunan mahaifi ya koma gaba, naka ya koma baya. Sai kuma wadda ta fi kama mu 'yan Arewa: a makarantar kwana an liƙa maka sunan garinku don a bambanta ka da takwarorinka, ya bi ka har takardar sakandare, amma a NIN sunan kakanka ne na uku. Ke kuma 'yar'uwa, kin yi karatu da sunan mahaifinki, kin yi NIN da sunan maigida. Jami'in nan da layi ya miƙe a gabansa tun safe ba zai zauna jin tarihin gidanku ba. "Koma gefe" kawai zai ce.

To, yaya ake gyarawa? Kuskuren da ake yi shi ne a ruga kotu a yi rantsuwa ana gobe tantancewa. Takardar rantsuwa tana bayani ne, ba ta canza abin da ke cikin rumbun NIMC.

Fara da takardar da ta fi wuyar taɓawa, wato ta sakandare. Yadda aka rubuta sunanka a cikinta, harafi bayan harafi, shi za ka riƙe. Sannan ka nemi gyaran NIN ya dace da ita, ta shafin gyara na NIMC. Ana biyan kuɗi, na ranar haihuwa ya fi na suna tsada, kuma za a nemi shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In canjin suna ne sosai, kamar na aure, a haɗa da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida. Gyaran nan ba ya fitowa rana ɗaya, shi ya sa ake yinsa tun ba a buɗe shafin ɗaukar aiki ba. Wanda ya manta lambarsa ta NIN ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.

Rage shekaru kuwa, a ganinmu, asarar kuɗi ce. Ka ce an haife ka a 2003, takardar firamare ta nuna ka gama a 2008. Kana ɗan shekara biyar? Ko malamin da ya koyar da kai zai yi dariya.

Saura kafe, wato shagon intanet da ake zuwa cike fom. Ka miƙa takardu ka tafi cin abinci, mai kafe ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya zaɓa maka jiha ko ƙaramar hukumar da hannunsa ya fara taɓawa. Gayyatar jarrabawa ta zo, ta sauka a wayarsa, kai kana gida kana zagin gwamnati. Zauna kusa da shi. Imel naka, lamba taka, kalmar sirri a rubuce a aljihunka. Kafin ya danna turawa, karanta kowane layi da idonka, musamman ƙaramar hukuma, domin da ita ake raba gurabe. Hoto ya zama na kwanan nan, takardun da aka ɗora su karantu.

Cike fom ɗin kyauta ne, ladan mai kafe kawai za ka biya. Duk wanda ya turo maka lambar asusu wai zai sa sunanka, ɗan damfara ne. In ka gama, buga silif ɗin kwafi biyu, ka ɗauke shi hoto a waya, ka riƙa leƙa shafin da kanka ko da saƙo bai shigo ba.