Daliget Daban, Mai Jefa Ƙuri'a Daban

Masu sauraro, daliget 371, wato wakilan jam'iyya, ne suka bai wa Atiku Abubakar tikitin takarar shugaban ƙasa na PDP a daren 28 ga Mayun 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja. Nyesom Wike ya tashi da 237, Bukola Saraki da 70. Watanni tara bayan haka, sama da mutum miliyan 24 suka fita rumfunan zaɓe, kuma lissafinsu bai yi kama da na filin taron ba.

Tushen matsalar yana cikin Dokar Zaɓe ta 2022. Sashe na 84 ya ce zaɓaɓɓun daliget kaɗai ne za su kaɗa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani na tsarin daliget, sai manyan jam'iyya da a da suke shiga saboda muƙaminsu suka koma 'yan kallo. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774, APC ta ɗauki uku-uku. To wa ke rubuta sunayen nan? Gwamna, ko jagoran jam'iyya a jihar da ba ta da gwamna. Shi ya sa kalma ɗaya daga bakin Aminu Tambuwal, gwamnan Sakkwato a lokacin, cewa ya janye wa Atiku, ta isa ta juya taron a daren. Ba a ma zancen raɗe-raɗin rabon daloli a otal-otal, wanda har jami'an EFCC sai da aka gani a wurin.

Daliget yana duba wanda ya kawo shi da wanda zai tuna da shi. Kundin tsarin mulki kuwa, a sashe na 134, abin da yake nema daban ne: mafi yawan ƙuri'u a ƙasa, da kuma kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wato ɗan takara yana buƙatar yawa, yana kuma buƙatar yaɗuwa.

Nan PDP ta yi sake. Rabi'u Kwankwaso ya riga ya koma NNPP tun watan Maris. Peter Obi, wanda ya yi wa Atiku mataimaki a 2019, ya fice 'yan kwanaki kafin taron, domin ya san ba shi da daliget, alhali yana da jama'a. Bayan taron kuma aka ba Ifeanyi Okowa mataimaki, Wike ya nemi shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu ya sauka tunda shi da ɗan takara duk 'yan Arewa ne, aka ƙi. Gwamnoni biyar suka naɗe hannu: na Ribas (wato Wike), Oyo, Binuwai, Abiya da Inugu. Sakamakon babban zaɓe ya fito haka: Bola Tinubu na APC 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Ba a cewa duk wanda ya bi Obi ko Kwankwaso da Atiku zai zaɓa, siyasa ba ta tafiya haka. Amma tazarar ba ta kai miliyan biyu ba, mutanen biyu da suka fice kuwa sun kwashi sama da miliyan bakwai da rabi.

A APC ma daliget ne suka yi aikin a dandalin Eagle Square, inda Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Bambancin shi ne gwamnonin jam'iyyar na Arewa sun amince tun kafin taron cewa mulki ya koma Kudu, 'yan takara irin su Badaru Abubakar na Jigawa suka janye wa Tinubu, aka watse babu gwamnan da ya fice.

Ku lura da yadda Tinubu ya ci babban zaɓe. Ya faɗi a Legas, gidansa. Ya faɗi a Katsina, Kaduna, Sakkwato da Kebbi, amma a kowacce yana dab da Atiku ko ya haye kashi 25. A Kano, inda Kwankwaso ya share ƙuri'u 997,279, Tinubu ne ya zo na biyu da 517,341, Atiku kuwa bai kai 140,000 ba.