Gidan man da ɗiyanmu sunka gina da bulon roba, da roƙona ga ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaba ranka shi daɗe, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan uwana 'yan Kabi mazauna nan Ingila, da 'yan uwanmu na Zamfara da ba su taɓa bari mu yi taro mu kaɗai ba, barkanmu da ganin wagga rana. Allah shi saka wa waɗanda sunka yi ɗawainiyar wanga zama da alheri.

Na san da yawa kun ga abin da ke kan teburin can kusa da ƙofa, wasu har sun ɗauki hoto, wasu kuma na ji suna tambaya wai siyo shi anka yi. A'a ba siye ba ne, ɗiyanmu ne sunka gina shi da hannunsu, yaran wagga ƙungiya maza da mata, ni dai nawa zama da su da nuna masu inda za a fara. Gidan mai ne irin na da, na wajen shekarun 1930, da bulon roba na wasan yara wanda kowa ya sani da LEGO, kuma a kanshi nake so in ɗan yi magana don akwai abin da nake roƙon ƙungiya, ku yi haƙuri da ni in na ja.

Shi wanga salon gini ana ce mashi art deko, sunan ya samo asali daga wani babban baje kolin kayan ado da anka yi a birnin Paris na Faransa a 1925, daga nan ya bazu duniya. Wanda ya taɓa ganin hoton benen Chrysler na New York da anka gama a 1930 ya ga uban gayyar. Alamominshi ba su da wuyar ganewa, hasumiya mai hawa-hawa tana tsukewa in ta yi sama, layuka miƙaƙƙu a jikin bango, kwana mai lanƙwasa maimakon mai kaifi, farin fenti da ɗan kore ko ja, sai fitilu masu launi da dare. To lokacin nan ne mota ta fara yawa a Amurka, kamfanonin mai na gasar jawo direba, shi kuwa direba yana tafe da gudu, in gininka bai tsone mashi ido tun daga nesa ba ya wuce ka. Shi ya sa sunka riƙa yi wa gidan mai hasumiya da wuta, ba don banza ba, talla ce da siminti.

Gidaje biyu munka duba kafin mu aza bulo ko ɗaya. Na farko yana wani ƙaramin gari Shamrock a jihar Texas, an gina shi 1936 a bakin shahararriyar hanyar nan mai lamba 66, yana da hasumiya da sunan kamfanin Conoco a jikinta daga sama zuwa ƙasa, da wurin cin abinci a haɗe, har yau yana nan an gyara shi. Daga gare shi munka ɗauko hasumiyarmu. Na biyun kuwa shi ne ya fi shiga raina wallahi, don a Afirka yake, a Asmara babban birnin Eritiriya, sunanshi Fiat Tagliero. Wani injiniya ɗan Italiya Giuseppe Pettazzi ya zana shi anka gama 1938, siffar jirgin sama gare shi, ofis a tsakiya sai fukafukai biyu na kankare kowane ya miƙe kamar mita 15 babu ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashi, motoci na shiga inuwarsu su sha mai. Shekara tamanin da wani abu ke nan yana tsaye, kuma a 2017 UNESCO ta sa birnin Asmara cikin wuraren tarihi na duniya saboda irin waɗanga gine-gine. Da na nuna ma yaran hoton sai sunka ce su fa irin wagga rumfa suke so, marar ƙafa, to nan aiki ya samu.

Don bulon roba in ka miƙa shi waje babu abin da ya tokare shi, sai ya fara sunkuyawa, haɗin ya buɗe, rumfa ta faɗo. Abin da ya fisshe mu shi ne dogayen sandunan nan masu huji-huji na Technic, munka ratsa su tun daga bakin rumfar har cikin rufin ofis, munka soke su da 'yan ƙusoshinsu na roba, sannan munka aza hasumiyar daidai kan gindinsu ta danne. Nauyin baya shi ke riƙe da na gaba. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wagga dabara, haka maginanmu ke jera azara, kowace a danne gindinta cikin bango a ɗan turo kanta gaba, ta sama ta ɗara ta ƙasa, har ɗaki ya rufu ba ginshiƙi. Da na faɗa ma yaran haka sai wata yarinya, shekarunta ba su wuce goma ba, ta ce Kawu mene ne azara? Jama'a wagga tambaya ita ta sa na nemi a ba ni dama in tsaya gabanku yau. Yarinya ce mai hankali, iyayenta na ƙoƙari, tana jin Hausa, amma ba ta taɓa kwana a ɗakin da anka rufe da giginya ba, kuma ba laifinta ba ne, da yawanmu yanzu in mun je gida ma iyakarmu cikin gari saboda halin da hanyoyi ke ciki, Allah shi kawo mana ƙarshen wagga musiba.

Bari in koma kan ginin. Abu na biyu da ya ba mu aiki kwanar nan ce mai lanƙwasa ta gaban ofis, don shi bulo mai kusurwa huɗu ne, bai san lanƙwasa ba. Akwai 'yan gutattaki masu baka da anka yi don haka, munka yi amfani da su a ƙasa da sama, amma layukan kore guda uku da kunka gani sun zagaye ginin, su sai da munka kwantar da bulon a gefe, kai na kallon waje maimakon sama. Nan lissafi ya shigo. Tsakanin ƙullutu da ƙullutu na saman bulo milimita 8 ne, tsayin bulo ɗaya milimita 9.6, sirara uku ke yin bulo ɗaya wato kowane 3.2, saboda haka sirara biyar in ka jera sun yi 16, daidai da faɗin ƙullutu biyu. Wanda ya riƙe wanga biyar-da-biyu zai iya juya gini ta kowace fuska ya zauna cif ba rata. Yaron da uwarshi ke fama da shi kan aikin gida na lissafi, na gan shi da idona ya ɗauki biro yana bugawa a bayan kwali don layinshi ya ƙi haɗuwa, ba wanda ya sa shi.

Famfunan mai kuwa na da munka yi, masu tulun gilashi a ka. Yadda suke aiki, mai sayarwa zai riƙa jan wani hannu yana tura fetur sama cikin gilashin, jikin gilashin da alamar galan-galan, mai mota na kallo da idonshi ya ga yawan da launin man, in ya cika yadda ya biya sai a buɗe tiyo man ya gangaro cikin tanki da kanshi. Ba wuta ba inji. Yaran sun sha mamaki, ni ko na ce masu ai ko a gida da yawanmu mun riski ana juya famfo da hannu in an ɗauke wuta. A gefe munka yi gareji da ramin duba ƙarƙashin mota, sai wani yaro da ya je Jega hutu bara ya ce ai gidan mai bai cika ba sai da mai faci a bakin titi da mai shayi, shi ya sa za ku ga tayoyi a jibge da ɗan benci ƙarƙashin bishiya. Na bar su don gaskiyarshi ce, ko da yake a Texas ba haka abin yake ba.

Wani zai ce to duk wanga wasa ne, kuma wasa mai tsada. Tsada kam akwai, sabon kwali irin na garejin kan kwanar titi da kamfanin LEGO ya fitar a 2019 mai gutattaki 2,569 ba kowane uba zai iya ba, ga haya ga kuɗin wuta ga 'yan uwa na jira a gida. Amma mu ba sabo munka siya ba, gwanjo ne, daga shagunan sadaka da kasuwar ran Lahadi da ake baje kaya a bayan mota, abin da ya rage munka nemo ɗai-ɗai a BrickLink, wani shafin intanet na saye da sayar da bulon LEGO. A wanke da ruwa mai ɗumi kar ya wuce digiri 40, a shanya a inuwa, shi ke nan. Kuma tsoho da sabo duk suna kama juna, don tun 1958 da anka yi rajistar wanga tsarin haɗi ba su canza ma'auni ba. Shi kanshi wanda ya kafa kamfanin, Ole Kirk Christiansen, kafinta ne a wani ƙauye Billund a ƙasar Denmak, da katako ya fara kayan wasa a 1932 lokacin da aiki ya yi wuya. Batun wasa kuma, mu da munka tashi muna fere karan dawa muna yin mota, muna yanka tsohon silifas mu yi taya, mu buɗe gwangwanin madara mu yi bodi, mun san abin da hannu ke koya wa kai. Nawa daga cikin bakanikai da kafintoci da injiniyoyinmu daga nan sunka faro? Ɗiyanmu a nan ba su da kara ba su da fili, rabin shekara sanyi da duhu tun la'asar, in ba mu ba hannunsu abin yi ba waya ce za ta riƙe shi.

Ga masu shakka kan 'yan mutum-mutumin da ke zuwa cikin kwalin, na fahimce ku, kuma ku duba da kyau babu ko ɗaya a namu, gini ba ya buƙatarsu.

To ga roƙona Shugaba. Ina so ƙungiya ta ba mu wanga zaure Asabar ɗaya a wata bayan an tashi islamiyya, awa biyu kacal, da sharaɗin a kan teburin gini Hausa kawai za a yi, miƙo min ja, ɗora a bisa, ya karkace, rushe a sake. Kuma aikinmu na gaba ba na Amurka ba ne, na gida ne. Ina so mu gina gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda ya zama fadar sarakunan Kabi har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958. Wanda ya iya hasumiya mai hawa-hawa zai iya zanko, wanda ya iya lanƙwasa kwana zai iya bakan gizo, kuma bulo mai launin ƙasa yana samuwa da araha. A wajen aikin ne yaro zai ji zaure da soro da tubali da makuba da indararo, ya ji su a bakin kakanninshi da ke zaune nan, shi ya sa nake roƙon dattawanmu su riƙa leƙo mu ko ba za su taɓa bulo ba. 'Yan uwanmu na Zamfara kuma ga tashar jirgin ƙasa ta Gusau da ta Ƙauran Namoda inda layin dogo ya tuƙe, ku zaɓi ɗaya mu sa a layi.

Abin da muke buƙata ba yawa. Duk gidan da yara sunka girma sunka bar bulo a kwali ƙarƙashin gado, a kawo, ko a cakuɗe yake za mu tsince. Iyaye biyu ko uku da za su riƙa zama da mu, musamman uwayenmu mata don 'yan matan su saki jiki, su ne ma sunka fi haƙuri wajen aikin layukan nan. Yaran da ba su kai shekara 3 ba kar a kawo su teburin, gutattakin ƙanana ne suna iya haɗiyewa, za mu ware masu manyan na Duplo a gefe. Sannan duk mai niyyar zuwa gida, ko hutu ko bikin kamun kifi na Argungu, don Allah shi taimaka mana da hotuna, amma ba irin na tsayawa gaban ƙofa ba, a nemi izini a ɗauki ginin ta gaba da baya da gefe biyu, a tsai da mutum ɗaya jikin bango don mu gane tsayi, a matso kusa a ɗauki zanen da ke bisa ƙofa da yadda zankon ya zauna, in an bari a shiga a ɗaga waya sama a ɗauko mana rufin daga ciki. Takarda na nan kan teburin kusa da gidan man, mai sha'awa shi rubuta sunanshi da shekarun yaronshi kafin a watse, a taɓa ginin ba komai amma a yi hankali da rumfar. Na gode, wassalamu alaikum.