Gadon da ba a raba ba

An gabatar da wannan lacca a zauren gidan iyalin marigayin, a cikin birnin Kano, bayan sallar la'asar, shekara guda da rasuwarsa. Mai magana ƙanensa ne, malamin Islamiyya. An kwafo ta daga muryar da aka naɗa a waya, kuma an cire sunaye kamar yadda iyalin suka nema.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai rayawa mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Iyayena, yayyena, ƙannena, da ku 'ya'yanmu da ke can bakin ƙofa, assalamu alaikum. Mutanen cikin gida, ina fatan murya tana isa gare ku.

An ce in yi magana a kan Yaya. Wani zai ce me ya kawo tone-tone, mutum ya riga ya kwanta dama. To, ba mu muka fara ba. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, ta bi halayensa ɗaya bayan ɗaya don na baya su sani. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa an wuce da wata jana'iza, sahabbai suka yabe ta da alheri, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta wajaba. Aka wuce da wata, suka ambace ta da sharri, ya ce ta wajaba. Sayyidina Umar ya tambaya me ta wajaba, sai ya ce na farko Aljanna, na biyu wuta, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shaida muka zo bayarwa, ita kuwa shaida ba a yi mata ƙari.

Mutum ɗaya ne, amma suna uku yake amsawa a gidan nan. Mu muna ce masa Yaya. 'Ya'yan 'yan'uwansa maza suna ce masa Baffa, 'ya'yan 'yan'uwanmu mata suna ce masa Kawu. Inna kuwa, tunda ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya yi furfura, ya aurar da 'ya, amma a wurinta “wannan yaron” ne. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice, kamar baƙo ne ya yi sallama. Muna yara mun ɗauka ta fi son mu. Sai da muka girma muka lura cewa ba ta taɓa kwanciya ba sai ta ji ƙarar babur ɗinsa a soro.

Kullum bayan isha'i zai zo da 'yar leda, wani lokaci balangu, wani lokaci ayaba, ya ajiye a gefen tabarmarta, ya ɗauko kwalbar maganin hawan jininta ya girgiza a kunne. Da wannan girgizar yake gane kwana nawa ya rage. Bai taɓa tambayarta ba, don ya san za ta ce akwai.

Ranar da aka fito da shi a makara, aka kawo shi ƙofar ɗakinta ta yi masa addu'a. Ina tsaye kusa. Ta ɗora hannu a kan likkafanin ta ce, “Na yafe maka duniya da lahira.” Sannan ta faɗi sunansa, sau ɗaya, a hankali. Inna, ki yi mini haƙuri da na faɗi wannan a gaban jama'a. Na faɗa ne don yaran nan su san me ake nufi da ɗa ya gama da mahaifiyarsa lafiya. Hawayenki kuma ba laifi ba ne. Da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu a shekara ta 10 bayan hijira, idon Annabi ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi.

Ni a matsayina na ƙane ina da abin da ke ci mini rai, kuma gara in faɗa. Mun taɓa samun saɓani a kan gyaran gidan nan, na yi wata kusan biyu ban taka shagonsa ba. Shi ne babba, amma shi ya biyo ni makaranta, ya tsaya a bakin aji har na sallami ɗalibai, ya miƙo mini yadi biyar na shadda ya ce sallah ta kusa. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban ba shi haƙuri da baki ba, na bar shi a kan sai wata rana. Wata ranar ba ta zo ba. Duk wanda ke da irin wannan da ɗan'uwansa a zauren nan, kada ya kwana da ita yau.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na yarda in yi magana.

Bayan rasuwarsa an raba gado, kuma an raba shi daidai, alhamdulillahi. Malamin da aka kira ya bi Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Aka kasa dukiya kashi 24: Inna ta ɗauki 4, wato sudusi, matarsa ta ɗauki 3, wato sumuni, sauran 17 na 'ya'yansa, namiji rabon mata biyu. Mu 'yan'uwa ba mu da ko ƙwandala, don ɗa namiji yana kange 'yan'uwan mamaci. Haka Allah Ya hukunta, kuma babu wanda ya ɗaga murya.

Amma da muka je Kantin Kwari lissafin kayan shago, yaronsa ya buɗe durowar tebur, ƙarƙashin almakashi da tef ɗin awo, ya fito da wani littafi mai shuɗin bango, gefensa duk ya yi baƙi saboda hannu. Daga gaba bashin da yake bin abokan ciniki ne: wane turmi goma na atamfa, wance leshi biyu na lefe. Wannan kowane ɗan kasuwa yana da shi. Sai yaron ya ce, Malam, juya ta baya. Na juya. Daga shafin ƙarshe, wata-wata, da rubutunsa: maganin Inna. Hayar ɗakin Gwaggo a Kurna. Kuɗin makarantar yara uku na 'yar'uwarmu da mijinta ya rasu. Kuɗin jarrabawar wane. Masu haƙa kabari na maƙabartar Dandolo, kafin azumi. Wani suna kuma da babu wanda ya gane, sai daga baya muka ji tsohon abokin Baba ne a Kasuwar Kurmi, ido ya tafi, Yaya yana kai masa hatsi.

Na duba watan Agustan 2022, lokacin da ruwa ya shiga Kwari ya jiƙa kayan mutane. Kun san shi ma ya yi asara, mun ga yadda ya shanya atamfofi a kan igiya kamar wanki. A wannan watan layin bai yanke ba. Na duba farkon 2023, da takardar Naira ta yi wuya mutane suna kwana a layin banki. Nan ma bai yanke ba. Ya rage wasu, ya rubuta “saura” a gefe, watan gaba ya cika.

Wannan littafin ba ya cikin kashi 24. Babu malamin gado da zai raba shi. Shekara guda ke nan, kuma ni na san wasu layukan sun tsaya. Gwaggo ba za ta faɗa ba, amma mai gidan hayarta ya zo wurina sau biyu. Ɗaya daga cikin yaran 'yar'uwarmu ya zauna zango guda a gida. Mun yi kuka, mun yi sadaka, mun sa hotonsa a waya muna rubuta Allah Ya jiƙan Kawu. Duk yana da kyau. Amma kayan da ya sauke a ƙofar kabari har yanzu suna nan a ƙasa.

Ku 'ya'yanmu, musamman waɗanda suka fara samu, da ku nake. A cikin Muslim, Annabi ya ce game da baffansa Abbas, baffan mutum tamkar mahaifinsa ne. In haka ne, abin da ake yi wa uba bayan ransa shi ma ya cancanta. Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Aka ce masa ai mutanen nan kaɗan ma ya ishe su. Ya ce mahaifin wannan abokin Umar ne, kuma na ji Annabi yana cewa mafi girman biyayya shi ne mutum ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa. Abin da Yaya ya yi wa makahon Kurmi ke nan, shekara da shekaru, bai gaya wa kowa ba. Tun da ya rasu, wa ya leƙa tsohon nan?

Maganar bashi kuma ba ta da wasa. Buhari ya ruwaito an kawo gawar wani da ake bin sa dinari 3, bai bar abin biya ba, Annabi ya ce ku sallaci mutuminku, sai da Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyana sannan ya sallace shi. An yi cigiyar masu bin Yaya bashi a wurin jana'izarsa, an biya waɗanda suka zo kafin a raba gado. Amma na san mutanen kasuwa da kunya. In akwai wanda ya yi shiru don kara, ya same ni a keɓe, ko ya yafe da bakinsa mu ji. Waɗanda shi yake bi kuwa, kuɗin nan yanzu na marayu ne, ba na abokinku ba. Mai hali ya kawo, marar hali ya zo a yi magana.

Ina gode wa maƙwabta. Kwana uku na zaman makoki ba a hura wuta a gidan nan ba, kwanuka ke shigowa ta ko'ina. Haka Annabi ya yi umarni da aka kashe Ja'afar a yaƙin Mu'uta, ya ce a yi wa iyalansa abinci. Matar Yaya ta gama takabarta wata huɗu da kwana goma, kuma na ga ƙafa ta ɗauke daga ɗakinta tun daga nan. Yayyena mata, wannan naku ne.

Littafin ga shi a hannuna. Na kwafe layukan baya a takarda, guda tara ne, ban sa adadin kuɗi a fili ba saboda mutuncin masu karɓa. Maganin Inna na ɗauka, kada kowa ya yi mini takara a kansa. Saura takwas. Wanda ba zai iya layi guda shi kaɗai ba, su haɗu su biyu ko uku. Bayan magariba ina nan zaure, ba zan tashi ba sai kowane layi ya samu suna a gabansa. Ranar Juma'a da safe kuma maza za mu je Dandolo, daminar bana ta zaftare gefen kabarin, a zo da shebur da kwanon ɗiban ƙasa.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya ba Inna haƙuri. Wanda ke kusa da ƙofa ya leƙa ko an kira salla.